Ƙafar Auta Ta Zama Kayan Gwamnati

Ranar da Injiniya ya zo aron ƙafar ƙanwarsa Auta ina zaune a tsakar gida ina farke wata tsohuwar riga. Ni ce gwaggonsu, ƙanwar mahaifinsu marigayi, kuma ƙofar ɗakina tana kallon ta Auta. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji-ta-ji-ta ba ne, a gabana aka yi shi.

In na ce ƙafa, takalmin ƙarfen nan nake nufi da masu shan-inna ke ɗaurawa daga cinya har diddige. Wanda asibiti ke bayarwa sandararre ne. In za ka zauna sai ka sunkuya ka zare wani zobe da hannu, in ka miƙe ka mayar, tafiya kuwa sai dai ka yi ta wurga ƙafar gefe kamar mai jan tabarya. Auta gyaran keken ɗinki take yi a wata rumfa a bakin kasuwa, hannunta kuwa ba ya ganin ƙarfe ya ƙyale. Ita ta wargaza na asibitin ta haɗa masa wani ɗan makulli da ƙarafunan matattun kekuna. In ta taka diddige sai ya kulle gwiwa, in ta ɗaga sai ya saki. Da shi take zuwa rumfa, ta hau mota, ta tsallake kwata, in ta saki zani har ƙasa ba za ka ce tana da wata lalura ba. Duk gidan ba mai ce masa takalmi, ƙafar Auta muke cewa.

Injiniya, babban wanta, yana aiki a wata cibiyar gwamnati da ke binciken kayan asibiti. Ya daɗe a kujera ɗaya, ana ta tsallake shi wajen ƙarin girma saboda bai taɓa kawo wani sabon abu ba. Ran nan da hantsi ya shigo da fara'ar da ban san shi da ita ba, ya gaishe ni, ya gaida uwarsu, sannan ya tsuguna a gaban Auta yana ƙare wa gwiwarta kallo.

Ya ce, "Auta, ara min ƙafar nan taki in kai ofis a auna. Kwana biyu in dawo miki da ita."

Ta yi dariya. "Yaya, to da me zan taka?"

"Ga sandunanki nan a bayan ƙofa. Hutu ma kika samu. So nake manyanmu su ga abin da ƙanwata ta iya."

Wannan kalma ita ta ci ta. Da hannunta ta kwance maɗauran, ta goge ƙarfen da gefen zaninta, har tana nuna masa inda ake ɗiga mai. Na ce, "Kai Injiniya, ana aron gatari, ana aron tsani, ban taɓa jin an ari ƙafar mutum ba." Suka yi min dariya su duka, uwarsu ta ce ni dama bakina ba ya hutawa.

Kwana biyun Injiniya ya zama makonni. Auta ta gwada zuwa rumfa da sanduna, amma ta daɗe rabonta da su, hammatarta ta saluɓe, hawa mota kuma ya zama abin tausayi, sai an cicciɓe ta. Ta haƙura ta zauna a gida. In ta kira shi a waya sai ya ce ana kan aunawa, ko wanda ke riƙe da makulli ya tafi taro.

Sai ga shi wata ranar hutu da sabuwar riga da ledojin tsaraba. Ya zauna a falon uwarsu ya ce a yi masa barka, an ƙara masa girma, cibiya ta karɓi aikin, har an tura neman takardar mallaka.

Auta ta ce, "Barka, Yaya. Ina ƙafar?"

Ya sosa ƙeya. "Ai nan ne 'yar matsalar take. Ta shiga sito."

"To a fito da ita mana."

"Ba haka ake yi ba. An buga mata lamba. Kayan gwamnati ce yanzu."

Na ajiye abin da ke hannuna na ce ya maimaita, ko kunnena ne ya fara tsufa. Ya juyo yana yi min bayani a hankali, irin wanda ake yi wa ƙauyawa.

"Gwaggo, ranar da muka kama aiki an sa mun sa hannu cewa duk abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro, na gwamnati ne. Ita za ta riƙe takardar mallakarsa, ita za ta ce wane ya ƙera, wane kada ya ƙera. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

"To kai ka ƙirƙiro shi?"

"Ni na zana shi, ni na yi lissafinsa, ni na rubuta shi yadda za a karɓa. Ita Auta da ka kawai ta haɗa. Kuma wa zai saurari mai gyaran keke? Sunana ko sunanta, ai duk gida ɗaya ne."

Na ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan."

Uwarsu ta harare ni. "Haba, ana murna kina kawo wata magana. Abin ƙani ai na wa ne. Da a ce bare ne ya ɗauka fa?"

Injiniya ya samu ƙarfi, ya ce mu yi tunanin dubban guragun da za su tashi su taka in kamfani ya fara ƙerawa, ya ce na farkon da zai fito daga kamfani na Auta ne, sabo dal, mai ƙyalli. Auta ta jawo sandunanta ta koma ɗaki, na ji ƙarar buɗe akwatin kayan aikinta.

Ni kam raina ya yi sanyi da na ji wannan ƙara. Wanda ya iya ƙera na farko ai zai iya na biyu. Ta aika aka kwaso mata ƙarafuna daga rumfa, ta baje su a kan tabarma, daga safe har la'asar ba ka jin komai sai gurzar magagari. Fuskarta ta dawo. Har tsokanata ta ci gaba da yi, wai in ta gama za ta ƙera min na baki, mai kullewa da kansa.

Aikin ya kusa kammala Injiniya ya faɗo gidan ba sanarwa. Yana ɗaga labule ya ga abin da ke kan tabarma, sai ya dafe kai kamar wanda aka yi wa mutuwa.

"Kashe ni za ki yi? Auta, kashe ni kike so ki yi?"

"Yaya, ƙafa nake yi wa kaina."

"Ba ki da izini! Lauyan ofis ya ce sharaɗin takardar nan shi ne abin ya zama sabo fil, ba a taɓa ganinsa a waje ba. Ni kuwa na riga na rantse musu cewa a ɗakin gwajinmu aka fara haɗa shi. In aka gan ki da irinsa a gari, aka tambaye ki, kika ce tun tuni kike sawa, takarda ta rushe. Ni kuma kora ce, har da kotu."

Na ce daga bakin ƙofa, "Duk kasuwa ta san ta da shi."

"Kasuwa ta san tana tafiya, Gwaggo. Ba ta san abin da ke ƙarƙashin zani ba."

Ya durƙusa ya shiga tattara ƙarafunan yana zubawa a buhu, har da filaya da magagari da ɗan kwalin da ta yanke siffar makullin a jiki. Auta ta riƙe bakin buhun da hannu biyu. Hannun mai gyara ba wasa ba, ya ja ya ja ya kasa ƙwacewa. Sai ya ɗaga murya ya kira uwarsu.

Uwarsu ta shigo tana kuka tun daga tsakar gida. Ba ta tambayi ba'asi ba. Ta tsaya a kan 'yarta ta ce, "Shi ke riƙe da gidan nan tun rasuwar mahaifinku. In aka kore shi, ke za ki ciyar da mu? Matuƙar ni na haife ki, kada ki sake taɓa ƙarfe sai ya ce ki taɓa. In kin taɓa ban yafe ba."

Auta ta saki buhun. Na ga yatsunta suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Na zagi Injiniya iya son raina, na ce da ubansa na raye da bai isa ba. Ya ce Allah ya huci zuciyar Gwaggo, ya saɓa buhunsa ya fita.

Bayan 'yan kwanaki wata mata ta yi sallama, goye da yarinyar da ta wuce goyo, ƙafafunta na reto. Ta ce a kasuwa mai gyaran keke ta yi mata alkawarin za ta auna 'yarta ta ƙera mata takalmi, ta je rumfa ta tarar da ita a rufe, aka yi mata kwatancen nan. Uwarsu ta tare ta a zaure ta ce ba nan ba ne, an yi mata kwatancen banza. Auta na ɗaki tana ji. Da na leƙa na same ta ta cusa fuska a matashi don kada muryarta ta fita.

Washegari na yafa mayafina na tafi cibiyar da kaina. Mai gadi ya nuna min wani dogon baranda, a ƙarshensa akwai ɗaki mai sanyi da akwatunan gilashi a jere. Ban sha wahalar nema ba. Ga ƙafar Auta nan a tsaye ita kaɗai, an kunna mata fitila. Diddigen ya cinye ta gefe ɗaya yadda Auta ke takawa. Tsumman da ta naɗe bakin cinya da shi don kada ƙarfe ya ci mata fata yana nan, daga tsohon zanina ta yanka. An buga lamba a jikin ƙarfen, an kuma ajiye kati a gefe ɗauke da sunan ɗan yayana.

Mai kula da sito, wani dattijo mai ladabi, ya taso ya tambayi abin da nake nema. Na ce na zo karɓar ƙafar 'yata.

Ya yi murmushi. "Mama, wannan samfurin farko ne. Ko darakta bai isa ya fitar da shi ba sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe kwamitin zai zauna?"

"Sai an naɗa shi tukuna."

"To ko tsumman nan da ke jiki nawa ne."

Ya duba ta gilashin da kyau, ya ce, "Shi ma an rubuta shi, Mama."

Na buɗe baki zan tona komai, sai ga Injiniya ya fito daga wani ofis a guje, ya kama hannuna yana dariya yana ce wa dattijon gwaggonsa ce, tsufa ne, takan rikice. Har bakin titi ya kai ni, ya tsayar da mota ya tura ni ciki. Ta taga ya ce min, "In kin yi magana, ba ni kaɗai za ki kayar ba. Ki tuna wa ke sayen maganin Umma."

Damina ta shigo. Wata safiya bayan an ɗauke ruwa Auta ta fito za ta banɗaki, sanda ta zame a kan jiƙaƙƙen siminti, ta faɗi a kan hannunta na dama. Wuyan hannun ya kumbura suntum. Daga ranar ko sandunan ma ta daina iya riƙewa. Ta koma zaman tabarma, shanyayyar ƙafar a naɗe a ƙarƙashinta, safe da yamma. In buƙata ta kama ta sai ta zura silifas a tafin hannu ta ja jiki. Yarinyar da ke tsallake kwata tana dariya, ita ce nake gani tana rarrafe a tsakar gidan ubanta.

Na ce a kai ta asibiti a duba hannun, a kuma yi mata ko da irin sandararren takalmin nan ne ta samu ta miƙe. Uwarsu ta kira mai ɗori ya ɗaure hannun a gida. Maganar takalmi kuwa Injiniya ya ce a jira. Masu yin takalman asibiti da mutanen ofishinsa duk ma'aikata ɗaya ce, za su tambayi ina tsohon, wa ya gyara shi, magana ta yi tsawo. Ya ce saura ƙiris takarda ta fito.

Kowa na da abin faɗa. Matar Injiniya ta zo da 'ya'yan itace ta ce ai mai haƙuri shi ke dafa dutse. Kawunsu ya ce maganar gida a bar ta a gida. Uwarsu kullum sai ta ce, "Ai ba ciwo take ba, zama ne kawai. Mace da zama ai ba baƙon juna ba ne." Mai rumfa ya gaji da jira ya ba wani wurin. Masu kawo kekuna suka daina tambaya.

Rannan na kasa daurewa, na kira mota har ƙofar gida, na ce wa Auta ta taso in kai ta asibiti, abin da zai faru ya faru. Ta jawo jiki har zaure. Sai uwarsu ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu tana hawaye, ta ce sai dai a bi ta kanta. Auta ta juyo gare ni.

Ta ce, "Gwaggo, sallami mai motar."

"Ke dai ba ki da zuciya ne?"

"Ina da ita. Ba zan iya tsallake Umma ba ne."

Na sallame shi ina huci. Na ji haushin uwar, na ji haushin ɗan, har ita Autar na ji haushinta, don biyayyar da za ta gurgunta mutum ban san sunanta ba. Ta juya ta ja jiki ta koma ɗaki, ta daina ko fitowa shan iska.

Watanni suka shuɗe kafin takardar ta fito. Ranar Injiniya ya zo da rana tsaka da motar ofis, shi da wani mai ɗaukar hoto, rungume da dogon kwali mai tambarin gwamnati. Ya sa aka shimfiɗa sabuwar darduma a falo, aka ɗauko Auta aka ɗora a kujera, uwarsu ta yafa mata mayafi mai kyau.

Ya ce, "Na cika alkawari ko ban cika ba? Na farkon da ya fito ke nan. Daidai da awon naki aka yi shi, ko ƙiris ba a canza ba. Za a ɗauke ki a tsaye, a matsayin wadda ta fara amfana."

Ya buɗe kwalin. Gaskiya abin ya yi kyau, fari tas, yana ɗaukar ido. Na ga idon Auta ya sauka a kan makullin, ta kai ɗan yatsa ta taɓa shi, ya yi ƙaramar ƙarar nan da duk muka sani.

Injiniya ya durƙusa ya kamo ƙafarta zai zura. Ƙafar ta ƙi miƙewa. Gwiwar ta tsaya a lanƙwashe yadda ta saba zama a kan tabarma.

"Saki jikinki mana. Miƙe ta."

"A sake take, Yaya."

Ya dafa gwiwar da hannu ɗaya, ya ja diddige da ɗayan, ya danna. Auta ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, ko ranar da ta faɗi. Na ture shi gefe. Na shafa bayan gwiwar da hannuna, na ji jijiyoyin sun ɗaure tamau kamar igiyar shanya. Zaman wata da watanni ya ƙage ƙafar. Na sha ganin irin haka ga tsofaffin da suka daɗe a kwance, ba abu ba ne da ake warwarewa da ja.

Injiniya na ta kallon takalmin yana kallon ƙafar, gumi na zuba daga goshinsa. Ya ce a hankali, wai me ya sa ba ta riƙa motsa ta ba.

Auta ta share idonta da bayan hannu. Ta ce, "Yaya, mayar musu da kayansu. Ƙafar da na auna na ƙera shi ba ita ce wannan ba."

Mai hoton ya duba agogonsa, ya yi gyaran murya. Ya ce shi dai an ce kada ya koma hannu biyu. Ko za a ɗora mata a cinya ta riƙe, Oga ya tsaya a gefe kamar yana miƙa mata? In aka ɗauka daga ƙugu zuwa sama ba wanda zai gane.

Na ce duk wanda ya ɗaga kyamara a gidan nan sai na fasa ta. Ba wanda ya kula ni. Injiniya ya miƙe ya gyara rigarsa. Uwarsu ta matso ta daidaita wa Auta mayafi, ta goge mata hawaye da gefen nata, ta ce, "Yi murmushi mana, 'yar albarka. Don yayanki."

Ta yi. Aka ɗauka.

Daga baya an kai ta asibiti, tunda yanzu babu sauran abin ɓoyewa. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma ko an yi bai ɗauki alkawarin za ta sake takawa kamar da ba. Ya tambayi dalilin da aka bar ta haka, uwarsu ta ce ƙaddara ce. Injiniya ya ce zai nemi ofis ya taimaka, ana jiran amsa.

Na ji an ce kamfani na ta ƙera takalmin yanzu, mutane na amfana. Ban musa ba, Allah ya ƙara amfana. Amma in na ji ana zagin gwamnati wai ta cinye haƙƙin masu ƙirƙira, sai in ce a bar ta ta huta a wannan karon. Dokarta ta ce abin da ma'aikacinta ya ƙirƙiro nata ne, ba ta ce ya je gida ya kwance ƙafar ƙanwarsa ba. Ba soja ta turo mana ba, ba ɗan sanda ba. Ɗanmu ne ya ɗauka, uwa ta tsare ƙofa, dangi suka ce a yi haƙuri, kowannensu kuma har gobe yana ganin zumunci ya yi.

An wanko hoton babba an sa shi a firam. Uwarsu ta rataye shi a falo, saman talabijin, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa ɗanta da aikin alherin da ya yi wa ƙanwarsa. Ta ƙarƙashinsa Auta ke wucewa kullum safe in za ta banɗaki, silifas a tafin hannu.